Yadda Za Ka Ci Tallafin Rashin Aiki a Makka Ba Ka da Igama

Aiki ya ƙare maka a Makka? Kwantar da hankalinka. Bi waɗannan matakai, ni na lamunce maka hukuma za ta ɗauki nauyinka, ci da sha da wurin kwana. Maƙwabcina Maman na unguwar Nakkasa da ke kan dutse ya gwada, kuma bai yi asarar kuɗin mota ba.

1. Ka fara rasa aikin

Wannan ba wuya, wasu za su yi maka. Maman ya zo hajji daga Tasawa yana saurayi, ya ƙi komawa. Tun lokacin yake tura tsofaffin alhazai a keken guragu tsakanin Safa da Marwa, har gemunsa ya yi fari. Rana guda aka ce sai mai kati zai tura, kati kuma sai da igama, wato takardar zama. Maman bai taɓa riƙe ta ba ko a mafarki. Ka ga ya cika sharaɗin farko.

2. Kada ka saurari 'yarka

Ikhlas, 'yarsa tilo, a Nakkasa aka haife ta, ita ma ba takarda. Da ta ji yana shirin zuwa ofis sai ta tare ƙofa.

"Baba, wallahi wannan tallafin na 'yan ƙasa ne. Ka je can tarhil za su yi maka, su sa ka a jirgi su mayar da kai ƙasarku, kalas. Ni da wa zan zauna?"

"An ce na wanda ya rasa aiki ne," in ji Maman. "Ni ban rasa ba?"

Hujja ce mai ƙarfi. Riƙe ta da kyau, domin ba ka da wata.

3. Tara shaidar cewa ka taɓa aiki

Nan ne za ka ɗan yi gumi. Duk rayuwarka ka ƙare ta wajen ɓad da sawu. Alhaji ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, ka kau da kai. An tambayi sunanka, yau Abdullahi, gobe Abdurrahman. Shaidunka kuwa tsofaffi ne da suka koma Jawa da Turkiyya, yawancinsu ma sun koma ga Allah. Kada ka damu, ciwon bayanka yana nan, ka tafi da shi.

4. Shiga ofis da ƙarfin gwiwa

Goge jallabiyarka, fesa turare. Ma'aikacin da Maman ya samu mutumin kirki ne, har shayi ya sa aka kawo masa. Ya nemi lambar takarda, babu. Ya duba kwamfuta ya sake dubawa.

"Ya ammi, kawuna, a nan ba ka taɓa yin aiki ba, don haka ba ka rasa komai ba." Sai ya rage murya. "Shanye shayinka ka koma gida. Ban gan ka ba."

Mutum mai hankali zai yi godiya ya sulale. Kai ba hankali ya kawo ka ba, hakkinka ya kawo ka.

5. Ɗaukaka ƙara

Maman ya koma gida abin yana cin ransa. Yunwa ya saba da ita. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce duk zufar nan ba a yi ta ba. Ya sake goge jallabiya ya koma. Wannan karon askari, wato ɗan sandan bakin ƙofa, shi ne ya fara sauraron ƙarar, kuma nan take ya karɓe ta.

Dubi alheri. An ɗauki hotonsa, an ɗauki zanen yatsunsa, an rubuta sunansa na gaskiya a karon farko. An ba shi wurin kwana da shinkafa da kaza, sannan aka ba shi kujerar jirgi zuwa Yamai kyauta. Ikhlas ta zo da kayansa a leda, ta tsaya tsallaken titi, domin in ta matso ita ma za a tambaye ta takarda.

Tsame hannu

Marubucin nan ba ruwansa da abin da ya biyo baya. Ba shi ya ce yatsun da aka ɗauka su hana ka dawowa ba. Ba shi ya bar yarinya ita kaɗai a ɗakin haya a kan dutse ba. Mai ƙorafi ya nemi Maman a Tasawa, a zauren wani ɗan ƙanensa da bai taɓa gani ba sai bana. Na ji ya ce abu guda ke rage masa zafi: sau biyar a rana duk garin na juyawa su fuskanci inda 'yarsa take, shi ma sai ya shiga sahu.