Ranar da Na Yi wa Baƙon Ammi Sale Uba Uku

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a gidan Ammi Sale (wato Baffa Sale) da ke unguwar Jarwal a Makka ba, ranar da na zauna gaban dattawa na yi tafinta da Turancin da ba ni da shi.

Ni haifaffen unguwar Zahir ne, a nan Makka. Kakana ne ya zo daga Kano aikin Hajji, bai koma ba. Aikina karɓar baƙi a wani masauki a Aziziyya, kuma Turancina na bakin aiki ne: ga mabuɗinka, abinci ya ƙare, mota na zuwa. Amma ranar da na je gaishe da Ammi Sale a kan maganar neman auren 'yarsa Ruƙayya, ya tambaye ni abin da na iya, na gyara zama na ce harsuna huɗu nake ji. (Hausa, Larabci, Turanci. Na huɗun har yau ban san wanne nake nufi ba.)

Bayan sati biyu ya kira ni a waya.

"Ya waladi, ɗana, na yi baƙo, ɗan Umara ne daga Uganda. Ya ɓata hanya ya shigo shagona, kwana uku ke nan muna hira da hannu kamar kurame. Ka zo bayan Juma'a ka fassara mana."

Na ce, "Mafi mushkila, Ammi, ba matsala." Har turare na fesa.

Na tarar da dattawa biyar sun kewaye farantin shinkafar kabsa. Baƙon, Musa Lokiru, dogo ne siriri, baƙi wuluk, mai yawan murmushi. Ya ce shi mutumin Karamoja ne, ƙabilarsa Karamojon, makiyayan shanu. Ban taɓa jin sunan ba, amma na kaɗa kai na ce wa dattawa, "Na san wurin." Wannan ce ƙaryar farko a ranar, ita ce kuma mafi ƙanƙanta.

Da farko abin ya tafi daidai, domin mutumin yana haɗawa da hannu. Ya ba da labarin ƙasarsu, yadda rani ke daɗewa, yadda mahaifiyarsa ke fita tun asuba ta tona yashin busasshen rafi, ta jira ruwa ya tsattsafo, ta kwaso shi ja kamar shayi. Shanu su sha, yara su sha, ciki ya ɗauka. Kalma ɗaya cikin biyar nake kamawa, sauran na cike da basira. Dattawa suna ta "la haula".

Sai ya ce Fada ya zo ya haƙa musu rijiyar burtsatse.

Ku da kuke Jos ko Kaduna na san kun fara dariya. Ku yi mini adalci. A Makka aka haife ni, ban taɓa ganin coci da idona ba, kuma a ɗan littafin da na koyi Turanci kalmar nan ma'ana ɗaya gare ta: uba. Na juya na ce, "Ya ce babansa ne ya haƙa wa garin rijiya."

"Masha Allah," in ji Ammi Sale. "Sadaka mai gudana."

Musa ya ga fuskoki sun saki, sai ya ƙara himma. Fada ya gina makaranta dab da rijiyar, domin manyan gari ba sa son boko, suna cewa wa zai bi shanu. To tunda dole a kawo shanu shan ruwa, yara sukan leƙa aji, yau ɗaya gobe biyu. Sista ce ta koya masa rubutu, ita ce kuma ke wanke wa yara gyambo.

"Babansa ya gina makaranta," na ce, "yayarsa ce malamar, kuma tana taɓa aikin asibiti."

Wani dattijo, Alhaji Datti, ya ajiye lomarsa. "Wannan gida ne na albarka. Tambaye shi, mahaifin nasa yana raye? Ya sauke farali?"

Na harhaɗa tambayar. Musa ya yi dariya har da buga cinya, ya ce Fada ai ba zai iya shigowa Makka ba. A nan ne ya kamata in tsaya in ce ban gane ba. Amma na san Ruƙayya tana bayan ƙofar nan tana haɗa gahawa, kuma na san tana jin muryata.

"Ya ce ba zai iya zuwa ba. Ciwon ƙafa."

Idon Ammi Sale ya kawo ruwa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Mutumin da ya shayar da gari guda? Wallahi ni zan yi masa Umara da kaina. Ya ba ni sunansa."

"Antoniyo," in ji Musa.

Aka dube ni. Na ce, "Sunayen can ne, Ammi."

"Tayyib. 'Ya'yansa nawa?"

Na tambaya. Musa ya dube ni kamar mai duban maras lafiya, ya ce a hankali, yadda ko ni zan gane, Fada bai taɓa aure ba. Na ce, "Ya ce suna da yawa, bai ƙirga ba."

Ina jin a nan Musa ya fara zargin akwai matsala, domin sai ya ciro waya don ya taimake ni. Ya buɗe hoto ya miƙa wa Ammi Sale. Ga famfo, ga yara da jarkoki, ga wani tsohon Bature jajawur, da farin gemu da gicciye a wuya. Musa ya nuna shi ya ce Fada Antoniyo. Sannan ya ɗaga yatsu uku ya ce su uku ne Fada a garinsu, wannan ne babba.

Yatsu ba sa buƙatar tafinta. Kowa ya gani.

"Uku me?" in ji Ammi Sale.

Na buɗe baki, na ji abin da ya fito kamar daga bakin wani. "Ubanninsa. Uku ne."

Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu. Alhaji Datti ya sa tabarau, ya dubi Baturen, ya dubi Musa, ya sake duban Baturen.

"Yaro, wannan ne ya haifi wannan?"

Na ce, "Ikon Allah ne, Alhaji."

Sai muka ji ƙarar faranti ya taɓa ƙasa a bayan ƙofa, da wani sauti kamar na mai toshe baki da mayafi. Can muryar Ruƙayya ta fito, tana danne dariya. (Na manta ban gaya muku ba, a kantin magani na asibiti take aiki, da Turanci take wuni. Ni ma a ranar na manta.)

"Abuya, ka yi haƙuri in sa baki. Ba mahaifinsa yake nufi ba. Fada limamin coci ne. Sista kuma matan nan ne masu hidimar coci. 'Yan mishan ne suka yi musu rijiyar da makarantar."

Ammi Sale ya juyo gare ni a hankali. "Wato limamin Nasara na yi rantsuwa zan yi wa Umara?"

Na dubi shinkafa. Ban taɓa lura da yawan zabibin da ake sa wa kabsa ba sai ranar.

Daga bayan ƙofa Ruƙayya ta karɓi aikin, aka sake labarin daga farko. Ashe mahaifin Musa na gaskiya makiyayi ne, ya rasu tuntuni, kuma har ya mutu yana cewa boko ta sace masa ɗa. Musa ya musulunta ne da girmansa, a birni. Da ya koma ya gaya wa Fada Antoniyo, tsohon ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa, rana ta uku ya aiko a kira shi, famfo ya lalace. Har yau Musa ke gyaran famfunan yankin.

Alhaji Datti ya ce, "Ai don su ja mutane addininsu suke yi."

Da aka fassara, Musa ya gyaɗa kai. Ya ce suna wa'azi, ba su taɓa ɓoyewa ba, kuma da yawa sun bi su. Amma shi yana salla a gindin bishiyar da ke bayan makarantar, ba a taɓa hana shi ɗiban ruwan alwala ba. Ya ce da zai taho, tsohon ya ce masa, "In ka je can ka roƙa mana ruwan sama, mu ma muna roƙo ta nan."

Ammi Sale ya daɗe yana juya finjalin gahawa a hannu. Sannan ya ce, "Mu ga mu a kan Zamzam, ko tulu ba mu taɓa kai musu ba." Da za a tashi ya haɗa wa Musa dabino kwali biyu, ɗaya nasa, ɗaya na tsohon, ya ce wannan dai ba sai an tambayi malamai ba.

Ni kuwa na lallaɓa ina neman takalmina. Ammi Sale ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Na riga na sallama Ruƙayya a zuciyata.

"Ya waladi," ya ce, "rashin Turanci ba aibi ba ne, ni ma ba na ji. Ciwon ƙafar nan da ka ɗora wa bawan Allah, daga ina ka samo shi?"

Na ce, "Tsoro ne, Ammi."

"To ka rage."

An ɗaura auren bayan Hajji. Ruƙayya ta ce ta amince ne don ba ta taɓa yin dariya irin ta ranar ba, kuma ba ta son wata ta samu. A Jarwal har gobe ba mai kirana da sunana. In na wuce shagon surukina, sai in ji Alhaji Datti daga ciki yana cewa, "Ikon Allah, an fito?"

Abin da na koya kaɗan ne, amma na riƙe shi da kyau. "Ban gane ba" kalma uku ce, kunyarta ta minti ɗaya ce. Wanda ya ƙi faɗinta a kan lokaci, shi zai wayi gari yana amsa sunan da ba a yanka masa rago ba.