Rasuwar Gwaggo, Ƙwallon Marigayi Fatihu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ga kuma nadama a kai, Injiniya Sabo na Germantown, can ƙasar Turawa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan wasa rasuwar Gwaggo, ƙwallon wasan bolin da ke hannunsa. Ta cika da hantsin Lahadi, 11 ga Janairun 2015, a barandar gidansa, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiya baƙa ce wuluk, nauyinta laba goma sha biyar. Aikinta a gangara ta a kan dogon layin katako mai santsin mai, ta je ta zubar da kwalaben katako goma, kuma ta yi wannan aiki ba ƙorafi. Duk wanda ya san ta zai tuna da "dim" ɗinta in ta sauka, da doguwar "gurrr" ɗin tafiyarta, sannan "rugugum" a can ƙarshe.

Asalinta ba ta Sabo ba ce. Ƙanensa Fatihu ne ya saye ta a 2004, aka auna hannunsa, aka huda mata ramuka uku daidai yatsunsa gajeru masu kauri. Ramin babban yatsa kuwa shi da kansa ya yi ta gyara shi da samfefa har ya zauna masa cif. Da Fatihu ya rasu a hatsarin mota a 2009, matarsa Sadiyya ta miƙa wa Sabo jakar ƙwallon, ta ce amana ce, ya riƙe wa 'yarsu Zahra har ta girma. Zahra tana da shekara shida a lokacin. Duk sanda suka zo daga Alexandria, garin da suke zaune ba nisa sosai, kafin ta gama gaisuwa ta buɗe jakar ta zura yatsu, ta ce da Turanci tana gaisawa da Baba.

Sabo ma abin da ke kai shi wasa duk Alhamis ke nan, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Yatsunsa dogaye ne sirara, ramukan ba nasa ba ne, babban yatsansa kullum a saluɓe. Shekara biyar yana haka bai damu ba.

Ciwon ajali ya soma ne a bara. Gwaggo ta sha man layi ta ƙoshi, bayanta ya yi sulɓi, ta daina lanƙwasar nan da take yi dab da kwalabe, sai ta wuce sambal kamar wadda ba ta ga kowa ba. Ƙungiyarsu ta koma ta ƙarshe a gasa, abokan wasa suka sa Sabo a gaba da tsiya. Ya kai ta wurin Martins mai hujin ƙwallo. Martins ya jujjuya ta, ya ce magani uku ne: a fitar da man da ta sha, a goge bayanta da samfefa mai kaushi don ta kama layi, a cike tsofaffin ramukan da gam a huda sababbi daidai hannun mai jefa ta. Na ukun nan, in ji shi, ba a dawowa daga gare shi, don haka Sabo ya je ya yi shawara. Sabo bai yi shawara da kowa ba. Haushin tsiyar abokai yana cin sa, ya ce a yi.

Aiki ya yi kyau, babu mai musu. Gwaggo ta lanƙwasa, kwalabe suka zube goma-goma, aka yi ta tafi. Amma tun jifan farko, da yatsunsa suka shige ba turjiya, Sabo ya gane ɓarnar da ya yi, don nasa hannun kawai ya ji a ciki, ba na Fatihu ba. Daga ranar, in Zahra za ta zo, sai ya kulle jakar a but ɗin mota ya ce Gwaggo ta yi nisa.

Saura fitar da mai. Martins ya ce bokitin ruwan ɗumi ya isa, a bi a hankali. Sabo injiniya ne, ya ga wannan aikin ragwaye ne. Ya cusa ta a tandar da matarsa Furera ke gasa kaza, tana cewa ya bari, yana yi mata bayanin zafi da digiri. Mai ya tsattsafo, ya ji daɗi. Sai ya fitar da ita baranda ta sha iska, yadda ake yi wa kunu, ya manta nan ba Kano ba ce, ƙanƙara ce kwance a waje. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas". Ta rabe biyu ta tsakiyar ramukan.

Ta rasu ta bar jaka ɗaya, da tawul, da takalman Fatihu waɗanda ba su shiga ƙafar kowa a gidan. Ta kuma bar wani ɗan dunƙulen gam da ya faɗo daga cikinta, wanda Furera ta tsinta wajen shara. Shi ne cikon tsohon ramin babban yatsa, ya fito da siffar ramin sak, har da ɗan karkacewar da Fatihu ya yi masa. Sabo ya daɗe a tsaye da shi a tafin hannu, sannan ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba.

Ba za a yi mata salla ba, ba kuma zaman makoki. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe za a naɗe ta a tawul ɗinta, Sabo zai ɗauke ta da kansa zuwa Alexandria, ya durƙusa gaban Sadiyya da Zahra ya faɗi abin da ya yi wa amanarsu tun daga ranar hujin. Dunƙulen gam ɗin na Zahra ne, in ta yarda ta karɓa. Ana roƙon abokan wasa kada su kawo wata ƙwallo a madadi. Mai addu'a ya yi wa Fatihu.