Na'ura Mai Lamba Bakwai

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta, da ranar da na tara mata masu yin man kaɗe a unguwar Gurugu na sanar da su cewa shugabarsu tana gab da mutuwa. Matar tana nan da ranta har yau, ta ma fi ni lafiya. Ni ne dai na kusa sheƙawa a ranar, don tsabar kunya.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. Na karanta lafiyar muhalli, na dawo Tamale, a arewacin Ghana, da takarda a hannu, kaina ya kumbura, ina jin duk tarin da ake yi a garin nan ni yake jira. Allah Ya taimake ni na samu aiki a ƙarƙashin Dakta Abena, likitar ciwon huhu. 'Yar kudu ce, Kirista, an turo ta nan shekara biyu, ta zarce har furfura ta fito mata. Ita ce ta lura cewa matan da ke zuwa mata da tari mai naci yawancinsu sana'arsu ɗaya, suyar ƙwarar kaɗanya a kan itace. Wani likitan da ya rubuta magani ya ce a kira na gaba. Ita kuwa sai ta ce za ta bi tarin har inda yake fitowa.

Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne, kowa "ya tafi". Ni da aka haifa a zango, unguwar Hausawa, nakan yi mata dariya a ɓoye (Allah Ya yafe mini). Amma da wannan guntuwar Hausar, da Dagbanci, yaren 'yan garin, da ta tsinta a bakin marasa lafiya, takan zauna da tsohuwa minti biyar ta ji abin da ni da nahawuna ba zan ji a wata guda ba.

Aikina ba wuya. Muna da wasu 'yan na'urori, kowace ba ta fi sabulun wanka girma ba, masu auna hayaƙin da mutum yake shaƙa. Da safe in hau babur daga gida a Lamashegu, in maƙala wa matan a ƙirji, su wuni da su su kwana da su, washegari in karɓa in zuba abin da suka auna a kwamfuta. Kowace na'ura da lambarta, kuma ni da Dakta ne kaɗai muka san wace lamba ce ta wa. Tun ranar farko ta ɗaga mini yatsa ta ce, "Lamba kawai. Suna ba ya fita. Ka ji?" Na ce na ji, har ina jin haushin a ce za a koya mini wannan.

Magajiyar matan ita ce Mma Sanatu, doguwar dattijuwa marar yawan magana, mai haƙorin Makka guda ɗaya da ba a cika ganinsa ba don ba ta dariyar banza. Ita ke raba aiki, wannan ta fasa, wannan ta soya, waɗancan su kwaɓa. Ita ce kuma ta shawo kan matan suka yarda da na'urorin, don da farko wasu sun ce abin yana ɗaukar magana ya kai wa gwamnati. Ta karɓi tata ta fara ratayawa a gaban kowa. Lamba bakwai.

To, wata Juma'a ina zuba sakamako, sai na ga abin da ya sa na miƙe tsaye. Kwamfuta takan zana layi mai hawa da sauka gwargwadon hayaƙi. Layin kowa yana hawa da rana lokacin suya, ya sauka da yamma. Na lamba bakwai kuwa da rana ƙasa-ƙasa yake, amma daga ƙarfe biyar sai ya fara hawa, gab da magariba ya yi sama kamar hasumiyar masallaci. Ban taɓa ganin irinsa ba.

Mai hankali zai ɗauki waya ya kira Dakta. Ni kuwa na rufe kwamfuta na kwanta ina murmushi. Na hango kaina a babban taro a Accra, ana tafi, ana cewa ga yaron da ya gano cewa ba wurin aiki ne ke kashe matan ba, gidajensu ne. Na je na buga layin a kan babbar takarda, na sa aka ja shi da ja. Ban gaya wa kowa ba, ina jiran ranar taron wata da muke yi da matan.

Ranar na sa kwat. A watan Maris. A Tamale. (Wanda ya san garin ya san wannan kaɗai ya isa a kai mutum asibiti.) Matan sun fi talatin, sun zauna a kan benci da tabarmi ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ga ƙamshin man kaɗe daga rumfa. Dakta ta bugo waya ta ce wani mara lafiya ya riƙe ta, in fara gaisawa da su kawai, tana tafe. Na gaisa. Na ce "Dasiba", suka ce "Naa". Na ga gaisuwa ta ƙare da wuri, ga takardata a naɗe tana mini ƙaiƙayi a hammata. Sai na warware ta.

Na yi bayani mai tsawo a kan huhu, da kalmomin da ni kaina a littafi kawai na taɓa ganinsu. Sannan na sassauta murya, na nuna jan layin, na ce, "Iyayena, akwai wata a cikinku da take shaƙar hayaƙin da zai iya kai ta kabari. Kuma ba a nan take shaƙarsa ba, a gida ne." Da na tsaya nan ma da da sauƙi. Amma na ga idanu duk sun dawo kaina, daɗi ya kwashe ni, na juya na ce, "Mma Sanatu, ke ce lamba bakwai."

Duk suka juya suna kallonta. Surukarta, wadda ke goye da jariri, ta ɗora hannu a ka ta fara kuka. Wata daga baya ta ce da Dagbanci ashe dai abin yana ganin abin da muke yi a ɗaka. Na ga biyu suna laluben ƙirjinsu suna neman cire nasu. Ni kuwa, maimakon in gane na ɓata, sai na ƙara matsawa kamar ɗan sanda na ce, "Mma, ki gaya mana gaskiya don mu taimake ki. Me kike ƙonawa da yamma? Ko... ko kina ɗan taɓa taba ne?"

Hajiya guda. A gaban surukarta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni daga kwat har takalmi, ta ce, "Ɗana, wane rana ne wannan?"

Na duba takarda na ce, "Alhamis, Mma."

"Alhamis." Ta gyaɗa kai. "Alhamis da la'asar na tafi gaisuwan mutuwa a Vittin. Na ce ba ni shiga gidan mutuwa da abu yana ƙyafta ido a ƙirjina. Ka zo duba na'ura, na cire, na ba ka. Kana waya. Ka karɓa ka sa a aljihun rigarka, nan, na sama."

Ka san yadda abu ke dawo wa mutum gaba ɗaya a lokaci guda? Na tuna wayar. Na tuna hannunta yana miƙo mini abu. Na tuna da na isa gida na zazzage aljihuna cikin jakar aiki ba tare da na duba ba. Gumi ya karyo mini, ba na kwat ba, wani daban.

Ashe Dakta ta iso, tana tsaye a bayana da farar rigarta, ban san tun yaushe ba. Ta zagayo ta karɓi takardar, ta sa tabarau, ta ɗaga ta sama yadda take duba hoton ƙirji. Ta ɗora yatsa ta ce, "Ƙarfe biyar, ya fara hawa. Wannan hanyan Lamashegu ne, kana bayan yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, kana shan hayaƙinsa. To, nan fa? Biyar da rabi har shida ya wuce. Babur ba ya tafiya nan. Ina ka tsaya?"

Na ce wani abu a cikin maƙogwaro.

"Ban ji ba."

"Wurin mai cicinga," na ce. Tsire ke nan, ga wanda ba ɗan Ghana ba.

"Kusan awa ɗaya?"

"Akwai layi, Dakta."

"Kuma ka zauna inda iska ke kai hayaƙi."

"Nan benci yake."

Wadda ta fara fashewa da dariya surukar nan ce, hawayen kukanta ma bai bushe ba. Daga nan wurin ya ɗauka. Masu jin Hausa suna fassara wa marasa ji, dariyar tana tafiya benci-benci, ta ƙare a can ta sake dawowa. Wata tsohuwa ta riƙe ciki tana cewa a kawo mini ruwa. Ranar na ga haƙorin Makkan Mma Sanatu sosai, har rana tana haska shi.

Abin da Dakta ta yi bayan nan shi ne ya tsaya mini a rai fiye da dariyar. Ba ta taya su ba. Ta bari suka lafa, sannan ta je gaban Mma Sanatu ta durƙusa, yadda ake gaida manya a nan, da farar rigarta a ƙasa. Ta ce, "Magajiya, mun yi alkawari suna ba ya fita, kuma ya fita. Laifina ne, ni na aiko shi. Ki yi haƙuri. Duk wanda ya so ya cire na'ura, ya cire, kuma in ya zo asibiti zan duba shi kamar kullum." Matar da ta girme ni da shekara talatin, ta ɗauki laifina ta ɗora a kanta a gaban jama'a. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mma Sanatu ta kama hannunta ta ɗaga ta. Ta juya ta yi wa matan magana kaɗan da Dagbanci, na ga masu laluben ƙirji sun sauke hannu. Ba wadda ta cire.

Sai Dakta ta sake ɗauko takardata ta ce akwai abin da take son tambaya. Ta nuna farkon layin, ɓangaren rana, lokacin da na'urar take jikin mai ita da gaske. Ta ce yaya aka yi Magajiya tana kusa da wuta amma hayaƙinta ya fi na kowa ƙanƙanta? (Ni da na kwana huɗu ina kallon takardar nan ban ko lura da wannan ba, idona na kan hasumiya.) Mma Sanatu ta nuna wani tsohon ƙyalle da ke ɗaure a kan sanda kusa da rumfa, wanda na daɗe ina tsammanin shanya ce aka manta. Da shi take ganin inda iska ta nufa, ta tsaya ta ɗaya gefen. Ta ce tana faɗa wa yaran, masu ji su ji. Ta ce a wurinta ba mai suya kwana biyu a jere, mai ciki ba ta zuwa bakin wuta, ɗanyen itace kuma ba ya shiga murhu. Daga uwarta ta koya. Dakta ta ciro biro tana rubutawa a bayan takardar tawa, kamar ɗaliba.

Da aka watse, na ga Mma Sanatu ta ja Dakta gefe ta yi mata raɗa. Ashe akwai mara lafiyar gaske a cikinsu, wata da ke ɓoye tarinta don kada a hana ta aiki. Dakta ta zagaya da ita bayan rumfa inda ba mai gani, ta saurari ƙirjinta, ta tafi da ita a motarta a ranar. An kama ciwon da wuri, ta sha magani na watanni, ta warke, har ta dawo aiki wajen kwaɓi, nesa da wuta. Ba zan faɗi sunanta ba. Wannan kam na koya.

Washegari na je ofis ina tsammanin takardar sallama. Dakta ba ta ko ɗago kai daga fayil ba ta ce, "Na'ura ya san hayaƙi, bai san mutum ba. Kafin ka gaskata shi, ka tambayi mai shi. Kuma sunan mutum ba naka ba ne, ajiya aka ba ka. Je ka gaida Magajiya a gida." Shi ke nan faɗan. Ba ta sake tayar da maganar ba har muka gama binciken.

Na je, ba kwat. Na durƙusa na ba da haƙuri. Mma Sanatu ta ce ya wuce, ta shiga ɗaka ta fito da curin man kaɗe a ganye ta miƙo mini, fuskarta ba alamar wasa, ta ce in riƙa shafawa a ƙirji safe da yamma, tunda ni ne mara lafiyar da aka gano. Tun daga ranar ba wata mace a Gurugu da ta sake kirana Malam. Lamba Bakwai nake, har jikokinsu haka suke kirana, ko a kasuwa muka haɗu.

Yanzu ni ma ina da masu aiki a ƙarƙashina, sukan zo mini da gudu da sakamakon da zai girgiza duniya. Nakan ba su kujera, in tambaye su ko sun yi magana da mai lambar. Sannan in ba su shawarar da ba su taɓa gane dalilinta ba: idan na'ura ta nuna maka cewa wani yana cikin haɗari, kafin ka tara jama'a, ka fara laluba aljihunka.