Asabar Ɗin da Nana Ba Ta Shiga Shagon Caca Ba

"...Lafiya lau na tashi, sai da na gan ka ne raina ya ɓaci. Wannan wace irin fuska ce, kamar dankalin da ya kwana a tukunya?"

"Ke ma sannunki da fitowa, Nana. Wannan hular fa, wa ya mutu ya bar miki gado?"

"Hular nan ta girme ka, kuma ta fi ka mutunci a garin nan."

"Wannan ai ba abin alfahari ba ne. Yau ko karen mahauci ya fi ni."

A gaban shagon burodi suka haɗu ranar Asabar da hantsi, ana irin yayyafin nan namu da ba ya tsayawa kuma ba ya ƙaruwa. Philomena, wadda duk jikokinta ke kira Nana, ta haura tamanin, ga lema a hannu, ga jakar cefane a kafaɗa. Lorcan ɗan 'yarta ne, dogo, golan ƙungiyar ƙwallon garinmu. Tun yana rarrafe suke tsokanar juna, ba a taɓa jin ɗayansu ya gaida ɗaya ba tare da baƙar magana ba.

Ranar yana riƙe da jakar tafiya. Ba wanda bai san dalili ba. Abin da shi da budurwarsa Clodagh suka yi shekaru suna tarawa don sayen gida, ya bi ta wayarsa ya tafi a caca, yau doki, gobe ƙwallo, jibi karnukan tsere. An fasa auren da aka sa a bazara. Mahaifiyarsa ta daina yi masa magana. An samar masa gurbi a wani gidan jinya na waɗanda caca ta kama, can kudu, kuma motar tsakar rana zai bi. Sai dai sun ce in ya fito kada ya koma riƙe wayar da ke shiga intanet. Shi ne Nana ta ce ita za ta saya masa wata, ya tafi da ita.

Suka shiga shagon Fintan mai wayoyi. Nana ta kakkaɓe lemarta a kan takalman Lorcan.

"Fintan, ba ni wayar da ta fi kowace daƙiƙanci a shagon nan. Ina son ta dace da mai ita."

"Irin tata take nufi," in ji Lorcan. "Wadda in ta yi ƙara a coci har Fada ke manta inda ya tsaya."

"Tawa ba ta taɓa cin gidan kowa ba."

Fintan ya yi kamar bai ji ba. Ya sunkuya ya zaro wata baƙa daga can ƙasa, ya hure ƙurar kwalin. Lorcan ya jujjuya ta a tafin hannunsa.

"Dubi maɓallai kamar faranti. Nana, wannan ai ta makafi ce."

"To da kai mene ne? Ƙwallo nawa ta wuce ka bara kana kallon tsuntsaye?"

"Wadda kike magana a kanta, rana ce ta kashe min ido."

"Rana? A ƙasar nan? Yaushe aka yi ta ban sani ba?"

Fintan ya yi dariya, ya sami ƙarfin yin talla. "Waya ce mai kyau. Batirinta sai ka manta da caji. Ga tocila, ga agogo, ga rediyo..."

"Rediyo?" in ji Nana.

"Eh, tana kama tasha sosai."

"Ana sa tseren dawaki a rediyo, Fintan."

Kunnuwan Lorcan suka yi ja. Ya ajiye wayar a hankali a kan kanta, ya tura ta gaban Fintan da yatsa ɗaya.

"Gaskiyarta," ya ce. "Duba mana wadda ba ta da shi."

Da ƙyar aka samo wata ƙarama, toka-toka, wadda ba ta san komai ba sai kira da amsawa. Nana ta biya. Sannan ta buɗe bakin jakar cefanenta ta miƙa masa.

"Jefa ɗayar."

Ya zaro tsohuwar wayarsa daga aljihu. Fuskar wayar ta haska, hoton Clodagh ya bayyana, tana dariya iska na watsa mata gashi. Ya tsaya yana kallo har hasken ya mutu don kansa. Sannan ya sake ta ta faɗa tsakanin albasa da kabeji.

"Kada ki karanta min saƙonni."

"Ni da takardar magani ma sai na kira maƙwabta? A firji zan sa ta, kusa da man shanu, ko ta huce."

"Ki dai kada ki soya ta. Kin taɓa soya abin da ya fi ta tauri kika ce nama ne."

"Kuma ka cinye ka lashe faranti, ja'iri."

Daga shagon Fintan zuwa tasha ba nisa, amma shagunan caca uku ne a kan layin. Na farko suka wuce suna musu a kan wanda ya fi wani jan ƙafa. Na biyu Nana ta karkata lema ta rufe masa gefen. Na uku shi ne nata. Tun kafin a haifi Lorcan, duk Asabar sai ta shiga ta sa 'yan canjinta a kan doki ɗaya, ta sha hira, ta fito. A bakin ƙofa Malachy, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana tsaye da jarida a naɗe da guntun biro a bayan kunne.

"Philomena! Yau kin makara. Akwai wata goɗiya a tseren farko, na rantse miki ko da ƙafa uku..."

Sai ya ga wanda ke bayanta. Ya haɗiye sauran maganar, ya taɓa hularsa, ya kau da kai.

Ƙofar a buɗe take. Ɗumi na fitowa, da muryar mai sharhi a talabijin yana jero sunayen dawaki da sauri, yana hawa, yana hawa. Lorcan ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Leɓɓansa na motsi. Hannunsa na dama ya shiga aljihu yana laluben abin da ba ya nan.

Nana ta ɗirka masa kan lema a ƙwauri.

"Gola! Ka sandare kamar ranar da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunka."

Ya yi firgigit. Ya share ruwan da ke fuskarsa, ya ƙaƙalo murmushi.

"Shiga ki sa naki mana. Zan jira ki a nan. Ba na son a ce na raba tsohuwa da ibadarta."

"Dawakan yau duk guragu ne."

"Ke kin san gurgu? Ke da kike zaɓen doki don rigar mahayinsa ta yi kama da labulen ɗakinki?"

"Kuma labulen nan ya fi ka sa'a. Kai da ka haddace sunan uwar kowane doki da kakarsa, me ka tsira da shi?"

"Jakar nan. Da ke."

"To ka yi asara biyu. Wuce mu tafi."

Ta saƙala hannunta a nasa, ta ja shi. Ba ta ko dubi ƙofar ba. Malachy ya bi su da kallo har suka sha kwana.

Sun ɗan yi tafiya. Can Lorcan ya yi magana, wannan karon ba da muryar wasa ba.

"Nana, in tambaye ki?"

"In kuɗi ne babu."

"Kowa yana caca. Ke kina yi. Fada na tara mutane a zauren coci ana cacar kiran lambobi. Ƙungiyarmu da tikitin sa'a take sayen riguna. Ranar da aka binne Kaka, mijinki, ina kallon su Kawu Dessie a bayan maƙabarta sun manna kunne a rediyo. Ranar babban tseren dawaki har malaminmu na firamare tsayar da darasi yake yi. Me ya sa duk ku kuka tsallake, ni abin ya haɗiye ni?"

Nana ta rage tafiya. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke gudu a gefen titi.

"Ban sani ba, ɗana," ta ce. "Na kwanta da tambayar nan na tashi da ita. Ban sani ba. Kuma ba duka muka tsallake ba. Wasu dai sun fi ka iya ɓoyewa."

Ta ja hanci, ta gyara hularta da ƙarfi kamar ita ta yi mata laifi.

"Ko kuma ni na yi masa tauri ne, ya tauna ya kasa. Kai kuwa tun kana jariri lagwada ne, kamar burodin da aka tsoma a shayi."

"Da ya haɗiye ki ma da ya amayar."

"Da ya ƙware ya mutu, kowa ya huta."

Shagon magani na gabansu, inda Clodagh ke aiki. Lorcan ya ja hular rigarsa ya rufe kai, ya dubi ƙasa. Nana kuwa ta duba. Clodagh na bayan kanta cikin farar riga. Ta gan su. Ta ɗan ɗaga wa tsohuwar yatsu, idonta ya sauka kan jakar tafiyar, sannan ta juya ta shige ciki.

Sai da suka wuce ya ce, "Tana nan?"

"Ban gani ba. Ka san idona."

"Idonki da ke karanta lambar doki daga tsallaken titi?"

"Doki daban, mutum daban."



A tasha ba kowa sai wata mata da keken jariri. Suka zauna a bencin da ke ƙarƙashin rumfa. Nana ta zaro ƙunshin burodi da nama ta dangwara masa a cinya.

"Ga shi. Na ji a can ganye suke ba mutane da addu'a."

"Ke kika yi da hannunki?"

"Ni na yi."

"To ashe jinya biyu za su yi min."

Ta kai masa duka a kafaɗa, ya kauce. Amma dariyar ba ta zauna a fuskarsa ba. Yana ta murza takardar ƙunshin. Daga can ƙasan layi aka hango motar tana hawowa.

"Nana."

"Me kuma?"

"Motar nan ba kai tsaye take zuwa ba. Sai an sauka a birni an jira wata, kusan awa guda." Ya daina murza takardar. "Akwai shagon caca a tsallaken tashar. Na san shi. Na san inda ƙofarsa take, na san warin cikinsa. Kuma Baba ya sa min kuɗin guzuri a aljihu."

"To ba ni kuɗin."

"Ko kin karɓa. Agogona na hannuna, zan iya jinginar da shi. Ba ki san ni ba yanzu, Nana. Ni ma ban san ni ba."

Motar ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Matar ta ɗaga kekenta ta shiga. Lorcan ya miƙe da jakarsa. Ya sunkuya zai sumbaci kumatunta, sai ta ture shi da gwiwar hannu.

"Kauce min a hanya, ka tare ƙofa. A fili ka kasa tare raga, sai nan."

Ta naɗe lema, ta kama ƙarfen ƙofar, ta ɗaga ƙafa ɗaya da nishi, ta ɗaga ɗayar. Ta tona jaka ta zaro katin nan da gwamnati ke ba tsofaffi su hau mota kyauta, ta nuna wa direba.

"Ina zuwa haka, Philomena?" in ji direban.

"Kaya zan raka. Mai saurin ɓacewa ne."

Lorcan na ƙasa, baki buɗe. "Nana, sauko. Tafiyar yini ce. Gwiwarki fa?"

"Gwiwata ta ɗauki uwarka wata tara, ta ɗauke ka kai ma kana tsala ihu. Kujerar mota ce za ta gagare ta?"

"Maganinki na rana?"

"Yana jaka, kusa da wayarka."

"Wa zai dawo da ke?"

"Motar da ta kai ni. Ko ka ji an ce ana sace tsofaffi? Wa zai saya?"

"Kyanwarki fa?"

"Ta fi ka hankali, za ta nemi abinci a maƙwabta. Kai, za ka hau ne ko sai na sa direba ya ɗauko ka kamar buhun dankali? A birnin nan kuwa, awa gudan nan, shayi za ka saya min da kuɗin ubanka, ka zauna a gabana ina ba ka labarin ciwon bayana tun daga farko. In ka motsa, lemar nan a kanka za ta ƙare."

Ya tsaya yana kallonta, ƙaramar tsohuwa da hula a karkace, kabeji na leƙowa daga jaka. Dariya ta kufce masa. Ya yi ta har ya dafa ƙofar motar, har ta koma wani abu daban, ya sa hannun riga yana share ido. Direban ya mai da kallonsa kan titi, bai ce su yi sauri ba.

Lorcan ya hau.

"Shi ke nan, Nana," ya ce. "Na sallama. Kin ci."

"Kada in ƙara jin kalmar nan a bakinka. Ba wanda ya ci komai." Ta zungure shi da lema zuwa ciki. "Wuce. Ni ce ta taga."

Ya bar mata tagar. Da motar ta tashi, ta bi ta gaban shagunan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ita ce ke kallon waje, shi yana kallon hannunta da ya riƙe nasa gam.