Motarku Ta Rungumi Tawa

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Inshorar Sha Kuruminka, garkuwar masu mota, mai share hawayen direbobi,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da sanyin ofishinka, ka yi mini uzuri in ka ga rubutuna yana karkacewa. Dariya ce ta hana ni riƙe biro. Tun hantsi nake yi, har mai ɗakina ta fara kallona ta gefen ido.

Ni ne mai makarantar koyon tuƙin nan ta kusa da rumfar mai faci. Mota ɗaya tal gare ni, ita ce makarantar, ita ce abincin gidana. A kanta akwai allo da manyan baƙaƙe: KOYI TUƘI BABU ƘWARZANE. Tana ajiye a ƙofar makaranta, ba ta tsokani kowa ba, motar burodi ta kwaso a guje ta ragargaza mata gaba. Direban ya fito yana salati, wai birki ne ya ci amanarsa. Na ce kada ya damu, ai ni ɗan Sha Kuruminka ne. To, ga irin kurumin da na sha.

Na ɗaya. Kun ce kada a gyara motar, kada a matsar da ita ko taku ɗaya, sai jami'inku mai duba ɓarna ya zo ya gani da idonsa. Na bi umarni. Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin talla irin wannan? Mota baki a wangame, fitila na reto, allona yana bisa yana rantsuwa babu ƙwarzane! Masu wucewa har tsayawa suke su ɗauki hoto. Ɗalibaina kuwa suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya ce tafiya ce ta kama shi.

Na biyu. Kun nemi shaidu. Na kawo mai faci, kuka ce maƙwabci ne, zai yi mini kara. Na kawo surukina, kuka ce na gida ne. Na kawo direban burodin da kansa, yana dafa ƙirji shi ya yi, kuka ce wanda hatsari ya rutsa da shi ba ya shaida a kansa. Kai, wannan doka ta burge ni. Na haddace ta.

Na uku. Duk sanda na buga waya, wata baiwar Allah mai zaƙin murya sai ta ce jami'i yana hanya. Kazar maƙwabta ta yi ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin suka girma har ɗaya ta fara nata ƙwan. Wace hanya ce wannan, ranka ya daɗe? Ta ina ta biya?

Na huɗu, kuma a nan ba na wasa. Ɗaliba ɗaya ta rage mini, wata dattijuwa mai ɗinki da muke kira Inna. A falona nake koya mata: kujerun roba biyu, murfin tukunya ne sitiyari, silifas uku a ƙasa su ne kuloci da birki da totur, mai ɗakina tana yi mana hon da baki. Shekaranjiya Inna ta ajiye murfin ta ce, "Ɗan nan, na gaji da tuƙa tukunya. In wata ya ƙare ban taɓa mota ta gaske ba, sai wata rana." In ta tafi, rufe makarantar zan yi.

Sai yau, alhamdu lillahi, ga jami'i! Ya zo cikin motarku fara ƙal, sunan kamfani ɓaro-ɓaro a jikinta. Ya ce bari ya gyara tsayuwa da ribas, waya a kunne. Na ɗaga masa hannu ya taka birki, bawan Allah ya taka totur. Garam! Ya shige bayan motata, wanda motar burodi ta bar mata lafiyayye. Kaji suka tashi ta taga, mai faci ya faɗi yana riƙe ciki, Inna ta ce ko ita da silifas ba ta taɓa yin wannan kuskure ba.

Ya yunƙura zai janye motar. Na durƙusa cikin ladabi na tuna masa cewa ba a matsar da mota sai jami'i ya gani. Ya ce ai shi ne jami'in. Na karanto masa haddata: wanda hatsari ya rutsa da shi ba ya shaida a kansa. Ya buga ofishinku gumi na zuba, mai zaƙin muryar nan ta ce masa ya sha kuruminsa, jami'i yana hanya. Wayyo cikina!

Yanzu haka motocin biyu suna nan rungume da juna. Masu hoto sun dawo, amma sunanku suke ɗauka. Na rataya wa taku sabon allo: WANNAN BAI YI MAKARANTARMU BA. Kafin azahar mutane sun cika mini ƙofa suna neman gurbi, kuma na farko a layi jami'inku ne. Ga shi can a falo kusa da Inna, an ba shi murfin ƙaramar tukunya.

Ɗalibai sun samu, mota ce babu. Don haka ina roƙon alfarma, tun da yanzu tare muke jira: ku turo jami'i na biyu kafin ƙarshen wata, don Inna ba ta magana biyu. Amma don girman Allah ku turo shi a ƙafa. Gaba ya tafi, baya ya tafi, ƙofofi kawai suka rage mana.

Naka mai biyayya, har goshi a ƙasa,

Malam Bi-a-Sannu
Mai makarantar tuƙi, kuma mai gadin motarku kyauta