Yadda Za Ka Kalli Sassaƙar Zamani Ba Tare da Ka Kunyata 'Yarka Ba

Idan aka gayyace ka baje kolin sassaƙa, kada ka damu. Bi matakan nan, za ka fito ana zaton a zauren aka binne cibiyarka. An gwada su a kan Baba Tela, dattijon da autarsa ta karanci sassaƙa, ta kuma roƙe shi: "Baba, malamina zai zo. Don Allah kada ka kira aikina bola a gabansa." Tun da ta fara kuwa, sunan da yake kiran abin ke nan.

1. Kame hannuwanka.
Tun daga ƙofa ka haɗa su a baya. A nan ba a taɓa komai, ba a zama a kan komai, ko da ya yi kama da kujera. Musamman ma idan ya yi kama da kujera. Baba Tela har ya karkaɗe wata da hularsa, sai da mai gadi ya yi gyaran murya.

2. Kada ka ce "Mene ne wannan?"
Matsa gaba, ja da baya, karkata kai kamar kaza ta hango shaho, ka ce "Uhm." Wanda ya rufe bakinsa, ba a san iyakar karatunsa ba.

3. Riƙe magana ɗaya a aljihu.
"Lallai an zauna an yi tunani." Tana shiga ko'ina. Baba Tela ya faɗe ta a gaban tarin waya mai tsatsa, wata mai gilashi ta yi ta gyaɗa kai har gilashin ya zame mata.

4. Idan ka ga kayanka, yi kamar ba ka san su ba.
A nan gizo ke saƙa. A tsakiyar zauren akwai mutumin ƙarfe a duƙe: bayansa matakin keken ɗinki ne, kansa gargaren keken, yatsunsa almakashi.

"Wallahi kekena ne!" in ji Baba Tela, har zauren ya amsa.

Auta ta rugo, malaminta na biye da ita. "Baba, ƙasa-ƙasa mana."

"Ƙasa-ƙasa? Ke, tun da keken nan ya ɓace daga ɗakin ajiya ba na gaisawa da maƙwabcinmu mai faci! Ashe ɓarawon a gidana yake kwana."

Malamin ya shafa gemu. "Dattijo, ya ka ga aikin?"

Auta ta sunkuyar da kai. Kalmar nan ta "bola" ta zo har bakin Baba Tela. Sai ya sake duban mutumin ƙarfen: wuya a karkace hagu, kafaɗa ɗaya sama, daidai yadda shi yake yi idan zai zura zare a allura.

"Auta, wannan ni ne?"

"Kai ne, Baba."

"Kin ƙara mini doro," ya ce, yana laluben hankici. "Amma haka nake zama."

5. San lokacin tafiya.
Mai hankali yana zagayawa sau ɗaya ya fice. Baba Tela kuwa ya kafe a gefen mutumin ƙarfen, duk wanda ya zo sai ya duƙa masa ya karkata wuya don a gwada. "'Yata ce ta yi. Keken nawa ne." Sai da aka fara kashe fitilu ya yarda ya fita.

Gargaɗi: Babu ruwan mai wannan rubutu da abin da zai biyo baya. Ba shi zai raka ka ba wa mai faci haƙuri ba. Kuma idan uwargidanka ta nemi dutsen gugarta da murfin babbar tukunya ta rasa, sannan aka hango ka da sassafe ka nufi wurin aikin 'yarka da buhu a kafaɗa, wannan tsakaninka da ita ne.