Alhaji Sallau da Ƙwayoyin Cuta Masu Ƙaho

Wani mutum ne a garinmu Tudun Gwanda, ana ce masa Alhaji Sallau Mai Ruwa. Shi ke da gidan ruwan ledar nan na bayan tasha. In kun taɓa zama majalisar bakin masallaci bayan la'asar, to kun ji muryarsa ko ba ku ga fuskarsa ba.

"Ni fa," yakan ce yana buga ƙirji, "ƙwayar cuta in ta gifta ta gabana da idona nake ganinta. Har nakan gane mace ce ko namiji. Fiziks, kemistiri, bayoloji, duk na dama su na shanye a Indiya. Farfesoshin can har kuka suka yi ranar da zan taho."

Mu dai abin da muka sani, Indiya ya je ta, babu musu. Yayansa ya raka asibiti, kuma ya dawo tun askin da ya yi na tafiya bai toho ba. Amma a bakinsa yau shekara uku ya yi, gobe bakwai. Ranar da ya ci ya ƙoshi kuwa har goma takan kai. Ba mai tanka masa, don yana da kyautar goro. Mutum ɗaya ce ba ta raga masa, taubashiyarsa Hajiya Kulu mai sayar da atamfa, wadda ko a gidan zaman makoki ta gan shi sai ta ɗan taɓa shi.

To, akwai rijiya a sakandaren kwana ta garin, tun ta kakanni, ita ɗalibai ke sha. Alhaji Sallau ya ƙyalla ido ya ga ɗaruruwan yara suna shan ruwan da ba nasa ba. Abin ya tsaya masa a wuya. Sai ya fara bin iyayen yara gida-gida.

"Rijiyar nan guba ce. Na leƙa ta. Abin da na gani ba zai faɗu a gaban mata ba. A rufe ta, ni zan riƙa kawo wa makaranta ruwa mai tsabta."

Tun ana dariya har wasu suka fara tsorata. Shugaban makarantar, Malam Haladu, mutum ne mai gudun rigima, sai ya ce a bari sai ranar baje kolin kimiyya na 'yan aji shida. Ranar iyaye duk za su zo, in an gama kallon gwaje-gwajen yara sai a zauna a yanke: a rufe rijiya a ba Alhaji kwangilar kawo ruwa, ko a bar ta.

Alhaji ya ce, "Madalla! Ni ma zan duba aikin yaran, in ga ko ana koya musu daidai."

Ranar ta zo. Sai ga mutuminku cikin babbar riga ruwan toka, ya ɗora wata farar rigar likita a kai, ga tabarau a karan hanci. A bayansa a-kori-kura ce cike da ruwan leda, ya sa aka raba wa kowa kyauta. Iyaye suka zauna a ƙarƙashin rumfa kowa da leda a baki, ana ta tsotsa ana sa masa albarka.

Malama Saratu, wadda ke koyar da kimiyya, ta tarbe shi. "Sannu da zuwa Alhaji. Bari mu fara da teburin kemistiri."

Wani ɗalibi dogo ya tsoma jar takarda 'yar siririya cikin wani ruwa a kwalba, nan take ta koma shuɗiya. Ya ce wannan takardar litmos ce, in ta shiga sinadarin da ake kira alkali takan koma shuɗiya, in shuɗiyar ce ta shiga asid sai ta koma ja.

"Daidai ne," in ji Alhaji. "Ni na gyara wa Indiyawa wannan takardar, da can ruwan ɗorawa take komawa. Mene ne a kwalbar?"

"Amoniya ce, Alhaji."

"Kawo in ji ko mai kyau ce."

Malama Saratu ta yi sauri ta ce, "Alhaji, ba a kai hanci bakin kwalbar. Daga nesa ake fifito warin da hannu kaɗan-kaɗan."

"Malama, wannan dokar ta 'yan koyo ce."

Ya cusa hanci, ya ja numfashi har cikin cikinsa. Fuuut!

Jama'a, hular Alhaji ita ta fara sauka. Ya yi baya taga-taga, baki a buɗe, ido ya yi ja wur, hawaye shar-shar har gemu. Atisshaa! Atisshaa! Wata akuya da ke kiwo a gefen fili ta tsinke igiya ta tsere.

Hajiya Kulu ta ɗago daga kujerarta. "Sallau, lafiya? Wa ya rasu?"

Da ƙyar ya samu murya. "Tuna baya ne, Kulu. Ƙamshin ɗakin gwajinmu na Indiya ke nan sak. Allah sarki, ƙuruciya."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai cikin tausayi. Aka miƙa masa hularsa, aka wuce wajen 'yan fiziks.

Nan wata yarinya ce ta cika ƙaramin bokiti da ruwa, ta kama mariƙinsa, ta shiga wulwula shi sama da ƙasa, wul-wul-wul. Bokitin yakan kife a saman kanta amma ko ɗigo bai zuba ba. Mata suka hau salati. Yarinyar ta tsaya ta ce ba tsafi ba ne, gudu ne. Muddin bokitin na tafiya da sauri, kafin ruwan ya samu damar faɗowa an riga an juyo da shi ƙasa.

Aka yi tafi raf-raf-raf. Tafin nan ya soki Alhaji, don ba shi aka yi wa ba.

"Wannan ɗan bokitin? Mu a can da baho muke yi. Ku kawo babba!"

Aka kawo babban bokitin wanki, aka cika shi taf daga rijiyar makaranta. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya wulwula. Kuma wallahi ya yi! Zagaye na farko lafiya, na biyu lafiya. Jama'a suka ɗauki sowa.

Matsalar Alhaji ɗaya ce a duniya: ba ya iya ganin taro ya yi shiru. Bokiti na kaiwa daidai tsakiyar kansa sai bayani ya taso masa. Ya tsaya cak, hannu a sama.

"To kun gani ko, a daidai nan wurin ne..."

Yaaa!

Tun daga hula har takalmi. Babbar riga ta manne masa kamar fatar kwaɗo, tabarau ya rataye a kunne ɗaya. Yara suka kwanta a ƙasa don dariya. Malam Haladu ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa.

Alhaji ya share fuska, ya ɗaga yatsa. "Da gangan na yi! Na nuna musu ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi. Ko ba haka ba, Malama?"

Malama Saratu ta ciji leɓe. "Lallai sun gani da idonsu, Alhaji."

"Ka ji sauƙi ma," in ji Hajiya Kulu, "ka yi wanka da guba kuma ga ka a tsaye."

Wannan maganar ta tuna masa abin da ya kawo shi. Ya ga wasu iyayen sun fara kallon juna suna murmushi. Ya san in bai yi wani abu yanzu ba, rijiya ta sha. Sai ya hango teburin bayoloji, ga madubin likita a kai, na'urar nan da ake leƙawa da ido ɗaya a ga abin da ya fi ƙarfin ido don ƙanƙanta. Kusa da shi an jera kofuna na ruwa iri-iri. Zuciyarsa ta yi fari ƙal.

"Yauwa! Ga inda gaskiya za ta fito. Kowa ya matso!"

Mai kula da teburin wata ɗaliba ce, Shamsiyya, 'yar siririya mai sanyin murya. Ta fara bayani cewa duk mai rai da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kuma akwai halittun da gaba ɗayansu ƙwaya ɗaya ce tak, irin su amiba, waɗanda kan zauna a ruwan da ba shi da tsabta. Ta ce sun ɗebo ruwa daga wurare daban-daban, za su ɗiga kowanne a kan ɗan gilashi su duba.

Alhaji bai bari ta dire ba. Ya ture ta gefe da gwiwar hannu, ya duƙa, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya manna ido a bakin na'urar.

"Alhaji, ai ban..."

"Yi shiru, 'yata. Manya na aiki."

Alhaji ya daɗe a duƙe. Can sai ya yi baya da sauri, ya dafe ƙirji.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Me ka gani, Alhaji?" in ji wani dattijo.

"Me ban gani ba? Ga su nan dam, kamar kasuwar shanu ranar Laraba! Ga masu ƙaho, ga masu jela, ga wata baƙa mai haƙora a waje. Wannan a Indiya in aka ga guda ɗaya, gari ake tasa."

"Subhanallahi!"

Ya sake leƙawa. "Kai! Ga wata da goyo. Ga wasu can gefe sun yi da'ira, da alama shawara suke yi a kan wanda za su fara kamawa. Wannan mai jan idon ita ke kawo taifot, ƙanwarta ce ke kawo amai da gudawa. Na san danginsu kaf."

Wata mata ta fashe da kuka tana kiran sunan ɗanta.

"Alhaji, don Allah..." in ji Shamsiyya.

"Na ce ki bari!" Ya miƙe, ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannuwa. "Iyaye, kun ji da kunnenku. Duk wanda ya ba ɗansa wannan ruwan, shi da wanda ya ba shi fiya-fiya ɗaya ne. Mai wannan ruwan, ko wane ne, hukuma ya kamata ta kama shi! 'Yata, faɗa musu da bakinki. Wane ruwa ne kuka fara da shi?"

Shamsiyya ta dubi malamarta. Malama Saratu ta ce, "Faɗi gaskiya."

"Na ledarka ne, Alhaji. Shi muka shirya farawa da shi, tunda kai ne babban baƙo."

Puuu! Puuu! Puuu!

Ko'ina furzar da ruwa ake. Ledoji suka yi ta faɗuwa ƙasa tim-tim. Dattijon nan ya sa yatsa a maƙogwaro. Matar da ke kuka ta daina kuka, ta fara neman dutse.

Alhaji ya ɗaga hannu biyu sama. "Ku tsaya! Ku tsaya, jama'a! Tabarau ne, ruwa ya jiƙa shi. Bari in goge."

Ya goge tabarau da jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya sake duƙawa, ya murɗa wannan, ya murɗa wancan, har da hura wa na'urar iska.

"Alhamdu lillahi! Ashe saiti ne ya goce. Yanzu na gan shi sarai. Garau! Fes! Ko ƙura babu. Kai, tunda nake duba ruwa ban taɓa ganin mai kyan wannan ba. Har wani sheƙi yake yi."

"To masu ƙahon fa?" in ji Hajiya Kulu.

"Sun... ai inuwar gashin idona ce."

"Har da mai goyon?"

"Kulu, kimiyya ba atamfa ba ce. Ni da na gani na ce miki ruwan nan lafiya lau yake, ga shi nan kwance a ƙarƙashin madubi kamar lu'ulu'u!"

Sai Shamsiyya ta ɗaga hannunta sama a hankali. Tsakanin yatsunta biyu ga ɗan gilashi siriri, da ɗigon ruwa a kansa yana ƙyalli a rana.

"Alhaji, abin da nake ta son faɗa maka ke nan. Ban sa gilashin ba tukuna. Babu komai a cikin na'urar."

Kun san irin shirun da kan biyo bayan faɗuwar tulu? To shi. Alhaji ya dubi gilashin, ya dubi na'urar, ya dubi ƙofar makaranta ya ga ta yi masa nisa.

Malam Haladu ya gyara murya. "To ai abin ya zo da sauƙi. Shamsiyya, sa ruwan Alhajin yanzu, kowa ya bi layi ya gani da idonsa."

Yarinya ta miƙa hannu za ta sa. Sai Alhaji ya yi tsalle ɗaya, ya rungume na'urar da hannu biyu kamar za a ƙwace masa jariri.

"Kada ki sa! Don girman Allah kada ki sa!"

Hajiya Kulu ta tashi, ta gyara mayafi, ta ɗaga ledar da ke hannunta da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ta ajiye masa a kan tebur.

"Kun ji likitan Indiya. Na'ura ba komai ya ga shanu da ƙaho, yanzu za a sa ruwansa shi ne ya fara neman ceto. Ungo kayanka, Sallau. Yara, wa ke da guga? A ɗebo min gubar nan ta rijiya in kuskure bakina."